Shekarar da muka ci iri

Shekarar da fara ta cinye mana gonaki, ina goyon ɗiyata ta fari. Kafin bazara ta raba rumbu ya zama wayam, anza, 'ya'yan wani itacen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita. Sai ga motar gwamnati a ƙauyenmu, nan kusa da Attantane, da irin hatsi mai saurin nuna. Kowane gida aka auna masa nasa. Malamin gona ya ce a ɓoye sai ruwa ya sauka.

Kwana uku na daure. A na huɗu nonona ya ƙafe, yarinya ko kuka ba ta iyawa. Na wanke jan maganin da ke jikin irin, na sake wankewa, na daka, na dama kunu. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Da ruwa ya zo, gonaki da yawa haka suka zauna babu shuka, har da tamu. Na daɗe ina ganin ni na jawo mana yunwar shekarar da ta biyo.

Bayan wasu shekaru damina ta sake yanke mana, ga ni da goyon namiji. Da na ji ƙarar motar gwamnati sai na tsorata, don na san abin da zan sake yi. Amma buhunan dawa da wake aka fara saukewa, na abinci. Irin kuwa aka kulle a ɗaki, mabuɗi a hannun uwar mijina da wasu mata biyu.

Uwar mijina ta dubi malamin gona ta ce, "Ɗan nan, bana ba za ku ba mu iri mu sha kunu ba?"

Ya yi dariya. "Iya, wancan karon laifinmu ne, mun ba ku iri cikinku babu komai. An yi ta zama a kan maganar, daga Mayahi har Yamai."

Na tsaya riƙe da ƙwarya ina sauraro. Wai abin da na yi a ɓoye a bayan ɗaki, manya sun zauna a kansa, kuma ba su ce mu ne da laifi ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Iya ta buɗe ɗakin, na karɓi irinmu cif. Maigida na gaba yana sara, ina binsa ina zubawa ina rufewa da ƙafa, yaron na bayana yana barci a ƙoshe.