Bishiyar Kuka a Gonar Aro

Idan jikokina suka zauna a tsakar gida suna haddace jihohin ƙasar nan da manyan biranensu, akwai guda ɗaya ta can Kudu da in sun zo kanta nake tashi in shige ɗaki. Su a wurinsu suna ce kawai da malami ya ce a riƙe. Ni kuwa na zauna a cikinta tun kafin a yanke ta, kuma 'yata ta fari tana kwance a ƙasarta, a wurin da yau ko an kai ni ba zan iya nunawa ba.

Ni 'yar Roni ce, a gindin duwatsun nan aka haife ni. Maigidana fataucin shanu ya gada. Yakan saya a Babura da Kazaure, a kora su a ƙafa har Kurmi, ya dawo ya rame ya yi baƙi kamar an ƙona shi. Ana cikin shagalin samun 'yancin kai ya ce ya gaji da kai da komo, zai zauna can ya riƙa karɓar shanun da ake koro masa yana sayar wa mahauta. Na ce in dai da shi ne, mu je. Inna, mahaifiyata, ba ta hana ba. Ta dai cika mini buhu da daddawa da kuɓewa busasshiya da garin kuka, tana cewa ta ji labarin mutanen can ba su san miya ba sai manja.

Garin da muka sauka ƙarami ne, itatuwa sun rufe shi, rana sai ta yi da gaske take taɓa ƙasa. Babu zango a lokacin. Bahaushe sai mu da wani mai tallar kwalli da allura. Wani tsoho, shugaban wani babban gida a garin, shi ya karɓe mu. Ya ba mu fili a bayan gidansa muka yi ɗaki biyu, ya ƙara mana da 'yar gona. Maigidana yana jin yarensu, yana ce masa Baba, ni kuma matarsa nake ce wa Iya.

Ranar da ya nuna mana iyakar gonar ya kafa sharaɗi guda. Ya ce mu shuka duk abin da za mu cire a cikin shekara, masara ko rogo ko doya, amma kada mu dasa itace. A wurinsu baƙo ba ya dasa itace, domin wanda ya dasa shi ne mai ƙasar. Da maigidana ya fassara mini sai da na yi dariya. Na ce ikon Allah, a garinmu wanda ya dasa itace lada ake cewa ya samu, nan kuma laifi ne? Ya ce in yi shiru, ba garinmu muke ba.

Daga baya, da bakina ya fara kama yarensu, Iya ta ba ni labarin dalili muna ɓarar gyaɗa. Ta ce su ma kansu ba nan aka halicce su ba. Kakannin mijinta daga hayin kogi suka gudo saboda yaƙi, suka tarar da wasu mutane a wurin, masu farauta da kamun kifi. Waɗannan suka ba su ƙasa da irin wannan sharaɗin. Sai baƙin suka riƙa dasa kwakwar manja a ɓoye, yau ɗaya, gobe biyu, har aka wayi gari duk inda ka duba itacensu ne. Ta nuna mini wasu 'yan gidaje can bakin rafi, ta ce ga abin da ya rage na masu garin na farko, ba a tunawa da su sai in za a yi bikin shekara. Ta faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

A gidan nan na haifi 'yata ta fari, aka sa mata sunan Inna. To kun ga kunya biyu ke nan, ga 'yar fari ga sunan uwa. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A gaban mutane ba na mata wasa, haka aka tarbiyyantar da mu. Iya ta rasa gane wannan abu. Takan fizge ta daga hannuna ta goya, tana mini faɗa wai wace irin uwa ce ni. Ni kuwa Allah ya sani, in na shiga ɗaki na saki labule, cinye ta ne kawai ba na yi.

Ta fara tafiya, ta fara kiran akuya, sai ƙyanda ta shigo garin. Ta kama yarinyar, ba ta yi mako ba ta rasu.

Babu maƙabartar Musulmi, domin ba a taɓa rasa Musulmi a garin ba sai ita. Tsohon ya zo da kansa, ya ce a sa ta a ƙarshen gonarmu. Maigidana da mai kwalli suka yi mata salla su biyu. Suka kafa guntun busasshen itace, suka kife fasasshiyar tukunya, kamar yadda ake yi a gida. Sai dai a Roni in ka kife tukunya a kan kabari za ka dawo bayan shekaru ka same ta. A Kurmi ƙasa ba ta barin komai. Damina ɗaya ciyawa ta fi mutum tsawo, gara ta cinye itacen, ruwa ya tafi da tukunyar. Wata rana maigidana ya shiga da adda ya daɗe yana sara, ya fito jiƙe da gumi, ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Da ƙyar na gane wurin." Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba.

A cikin wannan watan masu koro shanu suka iso da saƙon Inna na ta'aziyya. A cikin kayan har da 'ya'yan kuka, na bishiyar ƙofar gidanmu, wai in riƙa tsotsa ko bakina ya yi daɗi. Maigidana ya ɗebi ƙwallayen ya jiƙa, ya je ya binne su a wajen kan yarinyar. Na ce, "Malam, sharaɗin Baba fa?" Ya ce ai Baba goro yake nufi da koko da kwakwa, itatuwan da ake ci da su. Kuka kuwa wa ya san ta a nan, wa zai saya? Alama ce kawai. Ni ma na ga hakan ne. Mu a tunaninmu itacen da ba ya kawo riba ba zai tsone wa kowa ido ba.

Guda ɗaya ta fito, ta kama. Mace ba ta zuwa kabari, ni ma ban taɓa zuwa ba, amma daga bakin murhuna ina hango ta. Tun tana kamar tsinke har ta yi kaurin turmi. Na haifi wasu 'ya'yan, suka tashi suna ce mata bishiyar Yaya. Ban taɓa tsinkar ganyenta ba, ko a ranar da kukar gida ta ƙare mini. Masu shanu suka kai wa Inna labari, ya zama duk wanda zai taho sai ta ce ya dubo mata ko takwararta ta samu inuwa.

Tsohon ya gani, ba makaho ba ne. Wata safiya na hango shi tsaye a gabanta da sandarsa, ya jima, sannan ya juya ya tafi. Bai ce komai ba har ya mutu. Allah ya saka masa, ko da ba addininmu ɗaya ba.

Sai zamani ya juya. Kuɗin mai ya shigo, aka yanka sabuwar jiha, garinmu ya faɗa cikinta, aka ce za a kawo ofisoshi da gidajen ma'aikata. Ƙasar da a da ake ba ka don ka gaishe da mutum ta zama abin da ake zare ido a kai. Kowa ya shiga tono asali, wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo ne. Hatta mutanen bakin rafi suka farka suka ce ai su ne na farko. Lokacin kuma bayan gidan tsohon ya zama zango sosai, Hausawa sun taru, da masallaci da mahauta da masu shayi.

'Ya'yan tsohon suka dawo daga birni. Babbansu, wanda na sha ba shi tuwo yana ɗan makaranta, ya zo zaure ya durƙusa ya gaishe da maigidana yadda ya kamata. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce ba korarmu suka zo yi ba, mu zauna har iyakar ranmu, amma bishiyar nan a sare ta. Maigidana ya ce masa alama ce kawai, 'yarsa ce a wurin. Yaron ya ce, "Baba, na sani, ni na ɗauko maka fartanya ranar da aka binne ta. Amma itace da kabari a wuri ɗaya, a wurinmu babu shaidar da ta fi wannan. Yau kai ne, gobe jikokinka ne. Mun san yadda ake cin ƙasa da itace, domin mu ma haka muka ci ta."

Abin da ya fi wannan ciwo daga namu ya fito. Manyan zango suka ji labari suka cika zauren. Murna suke yi, wallahi murna. Suka ce ai Allah ne ya kawo, kada ya kuskura ya taɓa bishiyar, da ita za a je kotu a nuna cewa filin zango na Hausawa ne tun kafin a yi jiha. Wani har yana cewa a kewaye ta da waya. Mutanen da ba su san yarinyar ba, ba su taɓa tambayar ko wace ce a wurin ba, ranar kowa ya zama kawunta. Na ji kamar in fita da muciya.

Maigidana ya bar su suka gama. Ya ce, "Mutumin nan ya ba ni wurin kwana, ya ba ni wurin da zan binne 'yata, ya ga na karya sharaɗinsa ya kawar da kai. Ba zan ɗauki 'yata in ci ƙasar marayunsa da ita ba." Suka ce ya sayar da jama'a. Wasu ba su ƙara yi masa magana ba.

Ya shigo ya same ni. Ya ce, "Kin ji dai." Na ce na ji. Ya ce, "In na sare ta, wurin zai ɓace." Na ce na sani. Ina so in ce masa kada ya yi, ina so in kwanta a ƙasa in yi ihu, amma 'yar fari ce, bakina bai saba ba. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da kansa ya sare ta da hantsi, bai yarda kowa ya kama masa ba. Kuka ba ta da tauri, gatari shiga yake kamar cikin kabewa. Ina bakin murhu na juya baya, amma kunne ba ya rufuwa. Da ta faɗi sai haske ya cika tsakar gidan, na ji na tsani hasken nan.

Bayan damina katafila ta zo ta baje gefen gonar duka, har da kututturen, aka ja layin gidajen ma'aikata. Ba mu san ko a ƙarƙashin ɗakin wa take ba. Maigidana bai ƙara zama daidai ba, ciniki ya fita daga ransa, ya ce mu koma gida.

Ranar da za mu hau mota Iya ta zo, ta tsufa ƙwarai, jikarta na ɗauke da wani babban ƙulli. Ashe ranar da aka sare bishiyar ita ta bi ta tsince ganyen kaf, ta shanya a inuwa kamar yadda na taɓa gaya mata ana yi a gida, ta daka ta tankaɗe. Ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ga 'yarki, tafi da abin da ya samu." Muka rungume juna muna kuka a tasha, ranar ban ji kunyar kowa ba.

Mun iso Roni muka tarar idon Inna ya tafi, sai dai ta ji murya. Aka gama gaisawa, ta shafa kan yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi tambayar da na san za ta yi. "Ya kuka baro takwarata? Bishiyar tana nan?"

Na jawo ƙullin na sa mata a hannu, na ce ga ganyenta. Ta kwance, ta shanshana, ta nutsa hannu a ciki har wuyan hannu, ta ɗaga ta ji nauyinsa. Sai fuskarta ta washe.

"Kai, masha Allah! Duk wannan daga jikinta? Ashe ta zama uwar bishiya. To alhamdu lillahi, yanzu hankalina ya kwanta, rana ba za ta dake ta ba."

Maigidana ya tashi ya ɗauki buta ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba. Ni kuwa na ce, "Ba za ta dake ta ba, Inna."