Gwiwar Laraba da Labaran Malama Mnena

A unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum, duk mai son man gyaɗa mai kyau gidan Laraba ake nuna masa. A Nangere aka haife ta, yanzu ta haura hamsin. Mijinta na fari direban babbar mota ne, Ari. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma da mahaifiyarta ta kwanta ciwon ajali ya ce ba inda za ta sai ya dawo daga Kudu. Kafin ya dawo an yi sadakar uku. Daga zaman makokin nan ba ta koma ɗakinsa ba.

Daga baya ta auri Mala, dillali a kasuwar shanu ta Potiskum, mutum mai fara'a da sakin hannu, sai dai akwai surutu. Da shi ta haifi Na'ima.

Katanga ce tsakaninsu da Malama Mnena, 'yar Binuwai, wadda ta daɗe tana koyar da adabin Turanci a wata makarantar 'yan mata. Da ta yi ritaya ta ce ta saba da garin, ta yi zamanta. Da la'asar takan shigo da kujerarta da wani tsohon littafin gajerun labarai, Laraba na murza ƙuliƙuli, ita kuma tana juya mata labaran da Hausarta mai karkata.

Yawancinsu labaran matan aure ne na can ƙasashen sanyi, tun zamanin keken doki. Wata an raba ta da 'ya'yanta, wata an cinye mata gado, wata ta zauce. Laraba ba ta iya sauraro baki rufe.

"Malama, su waɗannan ba su da dangi ne? Ba ƙanin uba, ba kowa?"

"Maman Na'ima, lokacin nan mace da kayanta duk na miji ne. In ta fita, babu wurin zuwa."

"Allah sarki. Ashe Turawa ma sun sha wuya."

Wata rana aka karanta na wata mata da mijinta ke ji da ita ƙwarai, amma kome aka tambaye ta shi ke amsawa. Abin da take son ci, launin da ya dace da ita, duk shi ya sani. Da ta tsufa aka tambaye ta me take so, ta rasa abin cewa. Wannan karon Laraba ba ta yi gardama ba. Ta ci gaba da juya ƙuli a kasko.

Ba a daɗe ba gwiwa ta matsa mata, Mala ya ɗauko mai Keke ya kai ta asibiti. Likitar mace ce, yarinya.

"Mama, ina ke miki ciwo?"

"Gwiwar hagu," in ji Mala. "Tun damina. Ba ta kumbura, da safe ne kawai take..."

Laraba ta juya ta dube shi.

"Malam, gwiwar taka ce ko tawa?"

Likitar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Laraba ta janye zani kaɗan, ta nuna ta dama, wadda ta yi suntum, ta yi bayani da bakinta tun daga farko.

A hanyar dawowa Mala ya kau da kai yana ta kallon titi. Har ta fara tunanin ko ta yi yawa. Da suka iso bakin layi ya sa mai Keken ya tsaya, ya sayo mata lemo da ayaba.

"Ni fa na ɗauka hutar da ke nake yi," ya ce.

"Na sani. Amma bakina lafiyarsa lau."

Bai daina gaba ɗaya ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu in ya fara amsawa a madadinta yakan tsaya a tsakiya, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ga ta nan, ku tambaye ta." Ran da ba kasuwa yakan shimfiɗa tabarma a bakin zaure, wai iska yake sha, alhali kunnensa na wajen karatu. Rannan daga can ya ɗaga murya ya ce mijin cikin labarin ba ɗan mutunci ba ne.

Gwiwar ta yi sauƙi. Na'ima ta karɓi suyar ƙuli, Laraba na zaune tana cika kwalabe. A watan jiya Laraba ta raka Malama Mnena garinsu Gboko bikin ɗan Malamar, karo na farko da ta haye kogin Binuwai. Ta ci sakwara har ta gaji, ta dawo da buhun doya da kalmomi kaɗan na Tibi, yaren su Malama, waɗanda take gwadawa a kan masu sayen mai.