Hoton da Askari Ya Kawo Ka'akiyya

A gidan da nake wanki da guga a unguwar Hindawiyya na fara ganin ɗan sanda ya rusuna wa talaka. Ba a titi ba, a akwatin talabijin. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ne, abin bai daɗe da shigowa Makka ba, kuma a duk layin gida uku kaɗai ke da shi. Mai gidan ɗan kasuwa ne, jikan Kanawa, amma a nan aka haife shi, yana da takardar zama ɗan ƙasa. Matarsa, wadda nake kira Hajiya, rabin Hausarta Larabci ne, kuma ba ta iya kallo ita kaɗai, sai da wanda za ta riƙa zungura tana cewa ya gani. Ni ce ta zungurin. Duk Talata bayan magariba takan ce in ajiye guga in zo in zauna a bakin darduma.

Shirin na 'yan sandan ciki ne. Mai gida ya ce mutanen Japan ne, ƙasar da aka ƙera akwatin. Maganarsu ba mai ji, sai rubutun Larabci da ke wucewa a ƙasa, Hajiya na karantawa tana gutsuro mini abin da ta ga dama. Wasu maza ne masu dogayen kwat, ba sa dariya, ba sa gajiya. In an tsinci gawa ko wani ya ɓace, sai su ɗauki hotonsa su bi gida gida, cikin ruwan sama, takalma duk taɓo. Su ƙwanƙwasa ƙofa, su rusuna, su miƙa hoton da hannu biyu.

Ba kama ɓarawon ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da ake nuna wa hoton. Mai sayar da taliya za ta goge hannu, ta karɓa, ta duba da kyau, ta ce e, ta san shi, ƙanin mijinta ne. Haka kawai, ga ɗan sanda tsaye a gabanta. Ranar farko dariya ta kuɓuce mini. Hajiya ta tambaye ni abin dariya, na ce da gani mutanen nan kowa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ba ta ji daɗin maganar ba, ta mayar da ido kan akwati.

Mu ba mu da ita. Ni da yayana muna zaune a unguwar Ka'akiyya, a ɗakin langalanga da shi ya haɗa da hannunsa. Ta hanyar Sudan muka zo da mahaifiyarmu, ta yi hajinta, ta rasu bayan wata biyu, mu kuma muka zauna saboda ba abin komawa kuma ba wurin wanda za a koma. Yaya ga-ruwa yake yi, garwa biyu a sanda, in lokacin haji ya zo ya tafi Mina dako. Shi ne uwa, shi ne uba, kuma shi ne mai tsokanata. Yakan ce tuwona in aka jefi shaiɗan da shi an gama da shi har abada.

A unguwarmu akwai doka ɗaya da ba a rubuta ba, wadda ake koya wa baƙo kafin a nuna masa inda ake ɗibar ruwa: in hukuma ta tambaye ka wani, ba ka san shi ba. Dalili kuwa, in an kama mutum ba takarda, sai a tambayi inda yake kwana, a zo a kwashe 'yan gidan da maƙwabta, a tura su Jidda a sa a jirgin ruwa. Wanda ya ce ya san wani ya buɗe ƙofar layi guda ke nan. Yaya ya fi kowa tsanani a kan wannan. Har gwada ni yake yi. Ya ɗaure fuska, ya sa murya irin ta askari, wato ɗan sandan ƙasar nan, ya nuna kansa ya ce ko na san wannan baƙin. In na yi dariya ya ce a sake.

"Ko a kwance aka nuna miki ni, ki ce ba ki san ni ba," in ji shi. "Ni namiji ne, zan san yadda na yi. Ke in aka sa ki a jirgi, wa za ki tarar a can?"

Na taɓa ba shi labarin masu kwat da hotunansu. Ya ce ai wasa ne, an biya su ne su faɗi gaskiya.

Hajin shekarar ya tafi Mina ana saura kwana biyu Arfa, da igiyarsa da gammonsa. Yakan dawo kwana huɗu bayan salla, da guntun nama da ƙafa a kumbure. Kwana huɗu ya wuce, biyar, shida. Abokan dakonsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya gan shi ranar jifan farko da akwatin wani alhaji a ka. Wani ya ce a'a, ranar ta biyu ce, kusa da mayanka. Cigiyarmu ta raɗa ce, daga kunne zuwa kunne, don mai neman ɗan'uwa da ƙarfi kansa yake tonawa. Hajiya ta ce ko mai gida ya je ofishin 'yan sanda ya tambaya. Na ƙi. Na ce in ɓuya ya yi a wani wuri har ƙura ta lafa, mu ne za mu kai sunansa. Ita ma na ga ta sami sauƙi da na ƙi, don mai ɗaukar marar takarda aiki shi ma yana da amsar da zai bayar.

Kwana tara bayan salla, da hantsi, ina wanke tukunya a ƙofar ɗaki, na ji layin ya yi tsit. Maza sun ɓace kamar an share su. Askari ne, shi kaɗai, a ƙasa, ba mota. Dattijo ne mai furfura a gemu, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tsaya wurin tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, mutuniyar Damagaram, ya nuna mata wani abu a tafin hannunsa. Ta girgiza kai tun kafin ta duba. Sai ya nufo ni.

Ya yi sallama, na amsa. Ya miƙo hoton. Yaya ne. Kansa a kan wani farin ƙyalle, idonsa a rufe, ga tabon nan a girarsa ta hagu inda sandar garwa ta taɓa fasa masa. Askarin ya yi magana da Larabci a hankali, yadda ake yi wa wanda ba ya ji sosai. A ciki na tsinci kalmar mustashfa, wato asibiti. Sai ya haɗo 'yar Hausar da ya tsinta a bakin alhazai.

"Ka san shi?"

"Ma a'rifu," na ce. Ban san shi ba.

Bai janye hannu nan da nan ba. Ya dube ni, ya dubi hoton. Kowa yana cewa ni da Yaya goshinmu ɗaya, kuma na tabbata ya gani. Ya jira. Ni kuwa na mayar da kai kan tukunya na ci gaba da dirza inda ya riga ya fita. Can ya yi ajiyar zuciya, ya sa hoton a aljihun gaba, ya wuce ɗaki na gaba. Ina jin sallamarsa tana nisa har ƙarshen layi. Babu ɗaki ɗaya a nan da Yaya bai taɓa zuba wa ruwa a randa ba, kuma ba wanda ya san shi.

Da ya tafi mata suka taru a kaina. Tsohuwar ta dafa ni ta ce na yi hankali, na rufa wa layi asiri, Yaya zai yi alfahari da ni. Na tsane ta a wannan lokacin, na tsani Yaya da ya horar da bakina har ya amsa ba tare da ni ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, har da tsoron jirgi. Da askarin ya juya baya wani ɓangare na zuciyata ya yi hamdala. Wannan hamdalar ce ban yafe wa kaina ba.

Kwana uku na riƙe abin a ciki. Ranar Talata Hajiya ta kira ni kallo kamar kullum. Na zauna. Masu kwat suka ƙwanƙwasa wata ƙofa, mace ta buɗe, aka miƙa mata hoto, ta riƙe shi da hannu biyu ta durƙushe a bakin ƙofa. Hajiya ta zungure ni in gani. Na ce mata an kawo mini hoton Yaya na ce ban san shi ba. Ta kashe akwatin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ana tsakiyar shiri.

Washegari mai gida ya rufe kanti ya fita nema, Allah ya saka masa. Kwana biyu yana yawo. Amma me zai ce? Ban san sunan askarin ba, ban san daga wane ofishi ya fito ba, ban bari ya faɗi wane asibiti ba. Ko'ina ya je aka gaya masa abu ɗaya: bayan haji akan sami waɗanda ba a gane ba. Wanda ya rasu a yi masa sutura a binne, wanda ya warke ba takarda a tura shi Jidda. Ya ba da sunan Yaya, aka duba, babu shi a ko'ina. Ta ina zai fito, tunda mu da za mu ba da sunan mun hana?

Na yi shekaru ina aika saƙo Kano ta hannun alhazai, ko an ga wani mai tabo a gira ya sauka. Ba amsa. Ban yi masa zaman makoki ba, ban kuma daina yi masa addu'ar da ake yi wa matattu ba, ina haɗawa da ta matafiya.

Mai gida ya yi mini tambaya ɗaya a ranar da ya dawo, don ya san inda zai ƙara nema, maƙabarta ko tashar jirgi. Ya ce in tuna da kyau, a hoton nan barci Yaya yake ko ya cika. Na kasa ba shi amsa, har yau kuma ba ni da ita. Ban tsaya na duba ba. Na san wanda ya daɗe yana kallon hoto ya nuna ya san mai shi, shi ya sa na ɗauke idona da wuri.