Cinya ta Uku

Shekarar da na faɗi jarrabawar burbe, ta gama ƙaramar sakandare, karo na biyu, yayana ya ƙulla niyyar kai iyalinsa Yamai, babban birnin ƙasa, da babban hutu. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tasawa, yana da mata ɗaya da yara huɗu. Ni kuwa ina ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe tare da Inna, ina zaman da mutane ke kira zaman banza ko da ka yini kana daka.

Ya kira ni ya ce, "Auta, ina cikin gyaran takardun jarrabawa, ba ni da lokaci. Ke da kullum hannunki na bisa waya, duba mana yadda za mu yi tahiyar nan."

"Za mu" ya ce. Ban tambaye shi su wa da wa ba. Na ɗauka har da ni.

A garinmu rezo na waya bai shigowa ɗaki. Sai ka hau tudun bayan rijiya, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kwana goma ina hawa tudun nan bayan la'asar. Na duba kamfanonin mota, wace ke tashi da asuba, wace ke da sanyi a ciki, a ina ake tsayawa salla. Na karanta ƙorafin mutane kan masauki har na samo ɗaya mai tsakar gida inda yara za su yi gudu. Na gano gidan namun daji, da ranar da ba a buɗe shi, da inda ake shiga jirgin ruwa. Na bi titunan Yamai da yatsa a taswira har na san su fiye da hanyar kasuwar Mayahi. Duk na tura cikin gurup ɗin gidanmu.

Matar yaya ba ta karatu, sai murya take aikowa. "Ƙanwar miji, sannu da ƙoƙari! Ki duba mana inda ake saida atamfa mai sauƙi. Za mu kawo maki tsaraba."

Tsaraba. Sau uku na saurari muryar nan. Wanda za a tafi da shi ba a yi masa alkawarin tsaraba. Na zauna bisa tudu har aka kira magariba. Matar da ba ta san gabas da yamma a taswira ba za ta ga kogin Isa da ya ratsa Yamai da idonta, ni da na san sunan kowace unguwa zan tsaya gadin awaki.

Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Komawa na yi shafin kamfanin motar na sake karanta ƙa'idojinsu layi-layi, sai na ci karo da abin da nake nema. Ƙananan yara ba su biyan kujera in za a riƙe su a cinya, amma babba ɗaya yaro ɗaya. Na ƙirga. Babban ɗan yaya zai zauna kujerarsa. Jinjiri na cinyar uwarsa, mai shekara uku na cinyar ubanta. Saura mai shekara biyar. Ko a saya mata kujera ta yi yini guda ita kaɗai kusa da baƙo, ko a saya wa babba kujerar ya riƙe ta. Kuɗin ɗaya ne.

Na rubuta wa yaya wannan da Faransanci mai kyau, har da ɗigo da waƙafi. Na ƙara da cewa yarinyar na amai a mota, kuma a gidan namun daji ana son babba ɗaya kan kowane yaro. Wannan na ƙarshe ni na ƙago shi.

Ya amsa, "Kai, Auta, kanki na ja! Lalle muna bukatar cinya ta uku."

Daren nan na wanke mayafina mai ruwan goro.

Kuskurena ɗaya ne, kuma tun farko na yi shi. Duk bidiyon da na sauke a tudu, in na dawo gida sai in nuna wa Inna, don ba ni da wanda zan yi wa burga sai ita. Na nuna mata dorina na buɗe baki, na nuna mata gada. Ranar da ta ga kogin ta ajiye ƙwaryar da take bakace, ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Wanga duk ruwa ne?"

"Ruwa ne, Inna."

"Kuma ba mai jan guga?"

Na yi mata dariya. Inna ta shekara sittin tana jan ruwa daga rijiya mai gaba talatin, tafin hannunta kamar ƙasan takalmi.

Washegarin maganar cinya, ta biyo ni tudu da sandarta, ta ce in danna mata saƙon murya ta gaida jikoki. Ni na riƙe wayar, ni na danna. Ta gaida kowa, ta tambayi jikin jinjiri, sannan ta ce, "Auta ta gwada mani ruwan nan da za ku gani. Ku kalle shi da kyau ku zo ku ba ni labari. Mu dai namu ya wuce."

Ina sakin yatsa na san an gama da ni. Kafin mu sauko tudu yaya ya kira. Wai yaya aka yi bai yi tunani ba, wai Allah ya yi mani albarka da na buɗe masa ido. Inna ce za ta zama cinya ta uku.

A hanya na ce, "Inna, gwiwarki fa. Yini guda ne a zaune, da yarinya bisa ƙafa."

Ta ce, "Ke da kika shekara huɗu kina bisa ta, ba ta karye ba."

"Kuma yarinyar na amai."

"Sai in wanke."

Yaya za a yi ka yi hassadar uwarka? Na yi, kuma ban ɓoye ba. Na tsuke baki kwana uku. Da ta nemi aron mayafina mai ruwan goro, jefa mata shi na yi bisa gado. Ta ɗauka ta ninke.

Suka tafi, na rage da awaki bakwai da noman kuɓewa. Kwana na biyu da hantsi, ina tudu, yaya ya kira. Sun ɓata a hanyar zuwa kogi. Mai taksi ya sauke su wani wuri, yara na kuka, matarsa na yi masa faɗa. Na tambaye shi abin da ke gabansa, ya ce wani shatale-tale da gidan mai. Na gane wurin nan take. Raina ya ce in tura su hagu su sha rana. Sai na tuna gwiwar Inna.

"Ku bi dama, ku miƙe. In kun ga hanya ta fara gangara, kun iso."

Ban kashe ba, su ma ba su kashe ba. Ina jin ƙahon motoci da takun sandarta. Can sai hayaniyar yaran ta ɗauke, aka miƙa wa Inna wayar. 

"Auta."

"Na'am."

"Ya fi na cikin wayarki."

Na ce mata ta riƙe hannun yarinyar da kyau kusa da ruwa. Na kashe, na sauko da gudu, don jar akuya ta shiga cikin kuɓewa.