Tayar keke a cikin kabari

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Wani Bature ne mai suna Luk ya zo hawan duwatsu da keke, ni nake masa jagora. Da safe na zagaya da shi Birni ya ga tsohuwar ganuwa, muka miƙi hanyar Hamdara. Muna gangarowa daga wani dutse ya hango tuddan ƙasa a jere. Sai ya saki burki yana ihun murna!

Na ƙwala masa kira: "Tsaya! Makabarta ce!" Ina, ya yi nisa. Ya tsallake ɗaya, ya tsallake biyu, a na uku taya ta nutse. Sabon kabari! Itacen rufi ya karye, ga likkafani fari fat.

Wani tsoho na zaune gindin aduwa. Ya taso, ko faɗa bai yi ba. Ya ce, "'Yata ce. Jiya muka kawo ta."

Luk ya durƙusa zai mai da ƙasa. Tsohon ya riƙe hannunsa, ya dube ni.

"Shi baƙo ne, bai sani ba. Kai ɗan gari da ka kawo shi, zo ka rufe ta."

Wallahi har yanzu ƙasar na cikin farcena.