Maƙalai Huɗu a Bayan Hoton Shugaba

Shagon Mai Firam yana hawan ƙasa na dogon ginin hukumar kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai sayar da zare. Shekara talatin da huɗu ke nan yana buɗe shi da ƙarfe bakwai da rabi, ya share garin katako, ya goge tebur da tsumma don kada ƙwayar yashi ta karce masa gilashi. Mutum ne siriri, mara yawan magana. Yatsunsa duk tabon yanka ne, kuma ba ya karɓar aiki sai ya juya hoton ya dubi bayansa.

A wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar, tare da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba. Hoton biki, da takardar kammala makaranta, da hoton wanda ya rasu, duk ana liƙe bayansu da gam, domin babu ranar da za a sauya su. Hoton shugaban ƙasa kuwa ba a liƙe shi. Ana sa masa 'yan maƙalai huɗu na ƙarfe a baya, waɗanda babban yatsa ke iya juyawa, kwalin da ke rufe bayan ya fita, a zare hoto a sa wani. Tsohon ya yi aiki shekara goma sha tara a ƙarƙashin wani soja da aka riƙa buga wa firam ƙusa, kuma ranar da sojan ya faɗi sai da aka yi ta fasa gilashi a ofisoshi kafin a ciro shi. Shi ya sa yakan ce wa ɗansa, "Wanda ke cikin wannan firam baƙo ne. Ka bar masa ƙofa."

Shugabanni huɗu Mai Firam ya ciro da yatsansa. Duk bayan rantsar da sabo, sai masinjojin ofisoshi su yi layi a ƙofar shagon, kowa da firam a hammata. Yakan juya maƙalan, ya goge gilashin, ya sa sabon hoto, tsohon kuma ya kwantar da shi a aljihun tebur cikin mutunci. Bai taɓa shiga jam'iyya ba, amma a ransa wannan layin na masinjoji shi ne shaidar cewa ƙasar tana tsaye da ƙafafunta.

Shugaban yanzu yana zangonsa na biyu, na ƙarshe, saura masa wata goma sha huɗu. Sai dai tun farkon shekara Mai Firam yake lura da wasu abubuwa da suka hana shi sakewa. Alƙalin alƙalai ya yi murabus ba zato, aka ce rashin lafiya ce. Jaridar da yake saya ta daina fitowa. Majalisa ta kafa kwamitin duba kundin tsarin mulki, ba a kuma faɗi abin da ya lalace a cikinsa ba. Mai ɗab'i na hawan sama, wanda ya buga wa 'yan adawa fasta, an ƙi sabunta masa takardar shago, yanzu akwai kwaɗo a ƙofarsa.

Mai gyaran agogo ba ya gajiya da yi masa ba'a. "Kai dai, Malam, ko kaza ta yi tari sai ka ce an soke zaɓe. Mutumin nan da bakinsa ya ce zai sauka."

"Na ji ya faɗa. Sau uku ma ya faɗa a wata ɗaya, ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya dame ni ke nan."

Ranar wata Talata da hantsi, mijin ƙanwarsa, wanda ɗan kwangila ne mai shiga ofisoshin manya, ya faɗo shagon yana ƙamshin turare, da ƙunshin hotuna a hannu.

"Yaya, arziki ya biyo ka har shago! Firam ɗari uku, na makarantu da asibitoci. Na ce musu ina da yaya wanda ba a haifi kamarsa ba a wannan aiki."

Mai Firam ya zaro hoto ɗaya ya ɗaga shi wajen haske. Shugaban ne, amma an share masa furfura da layukan goshi, ya koma kamar ɗan shekara arba'in. Ya dubi ƙasan hoton, inda aka saba rubuta shekarar hawa da shekarar sauka. Suna ne kawai a wurin.

"Ina shekarun?"

"Sabon tsari ne, Yaya. Sun ce lambobi suna ɓata kyan hoto."

Ya miƙo takardar sharuɗɗan aiki. Mai Firam ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, har ya zo na shida: a liƙe bayan kowane firam liƙewa ta dindindin, ba tare da wata hanyar buɗewa ba.

"Mutumin da ya rage masa wata goma sha huɗu, me zai yi da liƙewa ta dindindin?"

"Ƙura, Yaya! Ƙura ce ke shiga."

"Shekara talatin da huɗu ƙura ba ta shiga nawa ba."

Ɗan kwangilar ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Yaya, ni ɗan aike ne. Amma ka sani, kwamitin da ya ba da aikin nan shi ne zai sa hannu a takardun shagunan ginin nan a wata mai zuwa. Na riga na ba da sunanka. Idan ka ce a'a, za a tambaye ni dalili, ni kuma ban iya ƙarya ba."

"Kai ne ba ka iya ƙarya ba? Yaushe ka manta?"

Suka yi dariya, amma ba wanda tasa ta kai ciki.

Da ya koma gida cin abincin rana, ya zauna ya tasa kwano a gaba bai buɗe ba. Matarsa, wadda ke guga a tsakar gida, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"To, Maigida, idan ka ƙi, hoton zai fasa hawa bango ne? Wani za a ba, ya liƙe shi har da siminti. Kai kuma a sa maka kwaɗo irin na mai ɗab'i, ka dawo nan ka riƙa gaya mini yadda ake ninke riga. Ba zan iya ba."

"Idan na liƙe, na sa hannu ke nan a kan cewa ba zai tafi ba."

"Su waye za su duba bayan hoto in ba kai ba? Kai kaɗai ne a duniya kake gaisawa da hoto ta ƙeya."

Ya ɗago ya dube ta. Sa'an nan ya buɗe kwanon ya ci.

Kwana ashirin ya yi a kan aikin, da ƙofar shago a saye. A bayan kowane firam ya fafe gurbi huɗu da kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya nutsa maƙalan har suka yi daidai da fuskar katakon. Ya yanko takarda mai kauri, ruwan ƙasa, ya shafa gam a gefen katakon kaɗai, ya shimfiɗa ta sumul. Mai kallo zai rantse an liƙe. Amma duk ranar da wani ya bi gefen takardar da reza, zai tarar da ƙofa tana jiransa.

A kwanakin nan ya fara zargin kowa. Wani baƙo ya shigo tambayar kuɗin gilashi, ya tsaya yana kallon tebur fiye da kima. Mai zare ta leƙo sau biyu neman aron almakashi, alhali tana sayar da su. Ko mai gyaran agogo da ya ce, "Wannan ƙwanƙwasa ta mece ce, ba gam aka ce ba?" sai da Mai Firam ya wuni yana juya tambayar.

Ranar karɓar kaya ɗan kwangilar ya zo da mota da takardar amincewa. Shi aka ɗora wa duba aikin. Ya zaro firam ɗaya daga tsakiyar tari, ya yaba sheƙin gilashin, ya juya shi. Ya ƙwanƙwasa bayan da yatsa. Sa'an nan ya bi gefen takardar da babban yatsansa a hankali, har yatsan ya tsaya a kusurwa. Ya danna. Ya matsa ɗaya kusurwar, ya sake dannawa.

Mai Firam yana tsaye da tsumma a hannu, yana jin ƙarar agogunan maƙwabcinsa ta cikin bango.

"Yaya, wannan katakon yana da ƙulli a kusurwa."

"Katako ne. Ba ya rasa ƙulli."

"Kusurwa huɗu duka?"

Ɗan kwangilar ya dubi direban da ke jira a waje, ya dubi kwaɗon da ake hangowa a hawan sama. Ya ciro alƙalami, ya jingina takardar da gilashin, daidai kan fuskar shugaban, ya sa hannu.

"An liƙe," ya ce da ƙarfi, don direban ya ji. Da aka gama lodi, ya ware wanda ya taɓa ɗin ya sa a hammata. "Wannan na ofishina ne. Gara ya zauna kusa da ni."

Bayan mako uku takardar shagon ta fito da hatiminta. Mai Firam ya yi mata firam, ya rataye ta sama da tebur. Har yau bai san ko mijin ƙanwarsa ya ajiye wancan firam ɗin don ranar sauyi ba ne, ko don ranar da zai buƙaci shaidar da zai nuna a kan Mai Firam. Idan sun haɗu suna gaisawa faran-faran, kowa yana karantar fuskar ɗan'uwansa.

Kwamitin majalisa zai miƙa rahotonsa a ƙarshen wata. Mai Firam ya sayi ƙunshin reza ya ajiye a aljihun tebur, kusa da hotunan shugabannin nan huɗu, ya kuma matsar da su gefe kaɗan don a sami wurin na biyar.