Kwat ɗin da Bai Taɓa Ganin Sanyi Ba

A filin jirgin Fua'amotu, a wani tsibiri can tsakiyar teku, cikin zafin da ke sa mutum yin fifita da fasfo, wani dattijo na tsaye rungume da kwat mai kauri. Tabarmar da ya ɗaura a ƙugu bisa al'adarsu ta sha jiki har ta yi laushi, hannuwansa kuwa na mai haƙar doya ne. Kwat ɗin tsohon yayi ne, sai warin adaka yake yi, amma ko maɓalli ɗaya bai cire ba.

Jikarsa na cikin ɗaliban da suka samu gurbin karatu kyauta a New Zealand, sarƙar furanni ta cika mata wuya har haɓa. Yana miƙa mata, tana noƙewa.

"Haba Kaka! Wannan ai mu biyu ma zai ɗauke mu. So kake a yi mini dariya?"

"Ungo dai, Melenaite. Sanyin can ba ya wasa."

"Kai ka taɓa zuwa ne?"

Yana shafa wuyan kwat ɗin a hankali. Mai yiwuwa shi ma an taɓa kiran sunansa a rediyo cikin masu tafiya karatu, ƙauye ya gasa aladu, coci ta yi addu'a, sannan ubansa ya rasu, gona da ƙanne suka dawo kansa.

"Da saura kwana tara na tafi a lokacin," in ji shi.

Dariyarta ta ɗauke. Ga ta tana zura hannu a ciki, gumi na keto mata.

"Yauwa," in ji kakan. "Tafi da shi ya ga sanyin nan. Shekara arba'in yana jira."